Ƙararrawar Tsohon Keke

Shekara goma sha ɗaya Malam Dalhatu na Kibiya ya yi yana ɗaukar karatun wani babban littafin fiƙihu a gaban Malam Maharazu na Lausu, duk ranar Alhamis, ranar da makarantar allonsa take hutu. Saura babi uku su sauke, gwiwoyin Malam Dalhatu suka ce sun gaji. Hanyar ratsen da yake bi duk hawa ce da tsakuwa, tsohon kekensa kuwa, wanda ya girmi babban ɗansa, sai an taka shi da ƙarfin tuwo. Acaɓa kuma ya rantse ba zai ƙara hawa ba tun ranar da wani ya zubar da shi a gonar gyaɗa. Haka wata bakwai suka wuce. Malam Maharazu ya haura tasa'in, idonsa ya tafi, kuma ba ya riƙe waya. Abin da ke cin Malam Dalhatu a rai shi ne kada wata rana a aiko masa da saƙon rasuwa, littafi na ajiye da alama a tsakiya.

Matarsa Barakatu ce ta kawo labarin keke mai lantarki, ta ga wani malamin gona a kansa yana haye tudu yana fito. Malam ya ce abin yara ne. Ta ce to shi ke nan, ya zauna da girmansa, littafin ya sauke kansa. Kwana biyu yana cika yana batsewa. A na uku ya kai bijimin da yake kiwo kasuwa, washegari ya hau motar Kano.

A can mai shagon kekuna ya nuna masa wani mai tayoyi masu kauri da haƙora, ya ce don hawan dutse aka yi shi. Malam bai damu da dutse ba, tambayarsa guda ce: ana takawa, ko zama kawai ake yi a kwashe mutum kamar buhun masara? Aka ce ana takawa, batir taimako ne kawai yake yi. Nan zuciyarsa ta kwanta, don ya daɗe yana faɗa wa ɗalibansa cewa kowane taku zuwa neman ilimi da ladansa, ba ya son a ce nasa ladan ya koma wajen batir.

Da ya kawo shi gida, abu na farko da ya yi shi ne kwance ƙararrawar tsohon keken, mai muryar nan a dishe, ya ɗaura wa sabon. Barakatu ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ya sa wa ango tsohuwar hula. Ya yi kamar bai ji ba, ya kai batir rumfar masu cajin waya.

Ranar Alhamis da hantsi ya rataya gafakar littafi, ya yi bismilla, ya taka feda yadda ya saba taka ta tsohon, wato da dukan ƙarfinsa. Keke ya zabura. Babbar riga ta cika da iska. A ƙasar nan kuwa mai keke ba ya wuce dattijo a zaune sai ya sauka ya gaishe shi, kuma Malam Dalhatu bai taɓa saɓa wannan ba. To ga mai unguwa Mika'ilu a gindin darbejiya. Kafin Malam ya tuna inda birki yake, ya riga ya wuce, gaisuwar ta faɗi a baya, amsar ba ta cim masa ba. Kunya ta kama shi. Ya juyo, ya sauka, ya gaisa yadda ya kamata har da tambayar iyali. Mai unguwa ya ce ya yafe, amma da sharaɗin a sake wucewar ya gani da kyau.

Sai tudun nan da ya raba shi da malaminsa, inda yakan sauka yana tura keke yana haki. Ya taka a hankali, ya ji kamar wani ya dafa bayansa yana tura shi. Gwiwa ba ta ce uffan ba. Da ya kai ƙoli ya hango dawa ta sunkuyar da kai har iyakar gani, dariya ta kuɓuce masa shi kaɗai, irin wadda rabonsa da ita tun yana saurayi. A gangare shanun Lado, Bafillacen da suka saba gaisawa a hanyar, suka tare masa gaba, don keken ba ya ƙara balle su ji zuwansa. Ya kaɗa ƙararrawa. Lado ya waiwayo, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, “Malam, ƙararrawar taka ce, amma ƙafar nan aro ka yi.”

A gindin tsamiyar shiga Lausu ya sauka kamar kullum, don ɗalibi ba ya isa ƙofar malaminsa a kan abin hawa. Ya turo keken a hankali. Daga nesa ya hango tsohon a bakin zaure, ya karkata kunne wajen hanya, ga wani buzu a shimfiɗe gefensa ba kowa a kai. Manu, maƙwabcin gidan, ya taro shi ya raɗa masa cewa duk Alhamis sai tsohon ya sa an shimfiɗa buzun nan, ba a naɗe shi sai bayan la'asar.

Duk uzurin da Malam Dalhatu ya tsara a hanya ya bi iska. Yana tsaye riƙe da keke, babban yatsansa ya taɓa ƙararrawa.

Tsohon ya ɗago kai, fuskarsa ta washe.

“Dalhatu, yau ban ji kukan sarƙa ba. Mai ka sa mata?”

“Sabo ne, Allah gafarta Malam. Da lantarki yake tafiya.”

“Madalla. Ba ka da sauran uzuri ke nan. Zauna.”

Ya jingine keke, ya tuɓe takalma, ya durƙusa a kan buzun. Bai gama kwance gafaka ba tsohon ya karanto layin da suka tsaya a kai wata bakwai da suka wuce, kalma da kalma. Malam Dalhatu ya buɗe inda alama take, ga layin nan. Yana murmushi, amma hawaye ya hana shi ganin rubutun.

“Goge idonka,” in ji tsohon, “ja baƙi in fassara.”