Dajin Zahra'u

Duk garin Atantane an san halin tsohuwa A'i: ba ta ganin jika ta ƙyale shi ba ta yanka mashi daji mai kama da halinsa ba. Naziru, wanda in ka ce gabas sai ya nufi yamma, ta ba shi gonakin gawo, itacen da ke kaɗe ganye da damina lokacin da kowa ke toho, har da shamuwar da ke sheƙa a kansa ta tafi ba sallama. Ramla kuwa dajin sabara ta samu, da zabin dajinsa masu kwakwazo, don ita ma bakinta ba ya hutawa sai in tuwo ya shiga. Yaran sun ɗauki abin da gaske, har dambe suke yi a kan iyaka.

Sai ga Safa. Uwarta ta rasu a Tasawa bayan gajeriyar jinya, kuma tun ranar da aka fita da gawar yarinyar ba ta sake cewa uffan ba. Likita ya duba ya ce maƙogwaro lafiya lau. Da aka yi hutun lakwal, wato makarantar boko, ubanta Malam Imrana ya ɗauko ta a bayan moto mai ƙafa biyu ya kawo ta wurin kakarta A'i.

"Inna, ko cikin 'yan'uwanta bakin zai buɗe," in ji shi. "Ni dabarata ta ƙare."

A'i ta yi iya yinta. Ta dama fura da nono mai kauri, ta yi tsokana, ta karɓo rubutu wurin liman. Ta ce Safa bushiya ce mai dunƙulewa, ta ba ta gindin kalgon bayan gida. Yarinya ta dube ta kawai. Tsoro ya kama tsohuwa sosai, don hutu na ta ƙarewa, kuma tana ganin in yarinyar nan ta koma a haka, to shi ke nan, ta zama bebiya.

Marigayiyar kuwa ɗiyar fari ce a wurin A'i. Don haka, kamar yadda ta gada, ba ta taɓa kama sunanta ba. "Waccan" take cewa, ko "ta Tasawa". Ko kukan mutuwar a bayan rumbu ta yi shi. Mutanen gida suka bi sahunta, kowa ya kama bakinsa, wai don kada a tayar wa marainiya da hankali.

Wata safiya A'i da jikokin suka hau amalanke zuwa Gulbin Kaba yankan kaba, don A'i har yanzu tana saƙar tabarma. Goriba ce iya ganin ido, tsattsewa na shawagi a sama, kurege na leƙowa daga rami ya koma. Naziru ya bi shi da gudu, don an ce mashi kada ya bi. Ramla ta zauna kusa da Safa tana zuba, tana lissafa mata dajin kowa, har na Kawu Yusufu mai fadama da damo.

"Kowa na gidanmu yana da daji," in ji Ramla.

Sai wata murya ta fito a dishe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe.

"Mamana hwa?"

Wuƙar A'i ta tsaya a cikin kaba.

"Ita ba ta da shi," Ramla ta amsa, bakin nan ba linzami. "Kaka ko sunanta ba ta faɗi."

Kai, maganar ta soki tsohuwa! Ashe duk kwanakin nan yarinya na kasa kunne tana jiran wani ya ambaci uwarta, gida guda ya yi tsit kamar ba a taɓa haihuwarta ba. A'i ta ajiye wuƙa ta zauna a ƙasa. Kunya ta riƙe mata harshe, kunyar da ta girmi uban Safa. Ta dubi idanun yarinyar, ta ga suna shirin komawa inda suka fito.

"Zahra'u," ta ce. Sunan ya yi mata nauyi, ya kuma yi mata daɗi. "Zahra'u tana da daji, ɗiyata. A cikinsa kike zaune. Ban dai taɓa gaya wa kowa ba. Goriba ce, bayanta tauri, sai ka yi haƙuri ka gwigwiya ka ji zaƙi. Kuma kuregen nan ita ce sak, ba ta zama wuri guda. Nan ta taɓa faɗowa daga amalanke tana bin shi da ido."

"Ta yi kuka?"

"Kuka? Dariya ta yi, mara kunya, ni ce na yi kukan."

Safa ta yi wani ɗan sauti da bai gama zama dariya ba, sannan kuka ya ɓalle mata mai ƙarfi, da murya, ta faɗa jikin kakarta. A'i ba ta ce ta yi shiru ba. Ta rungume ta tana alhamdulillahi a fili, tana sa wa Ramla da bakinta albarka.

A hanyar gida kabar ba ta kai rabin amalanke ba. Safa na ta tambaya, me Mama ke ci, wa take duka, wa ke dukanta, tsohuwa na amsawa, kuma kowace amsa da sunan take farawa.