Tiyon da Ke Ƙarƙashin Kujerar Inna

Jiya da na kwanta na yi wani mafarki, kuma wallahi har yanzu warin fetur bai bar hancina ba.

Bari in fara da motar tukuna. Shekara biyu ina haɗa ta a bayan gidanmu: injin tsohuwar tasi, bodin da na yi wa walda da hannuna, kujeru na mutunci. Da na zo jan tiyon fetur daga tanki zuwa inji, sai ya gaza da kamu ɗaya. Malam Barau makanike ya leƙa, ya ce in sayo dogo, in bi da shi ta ɗaya gefen nesa da salansa, in kama shi da kilif, wato maƙalin ƙarfe, duk bayan taƙi, inda ya ratsa ƙarfe kuma in sa masa roba kada ya goge. Na ce to. Yana juya baya na yanke hanya, na ɗaure tiyon a jikin salansa da robar taya, ya bi daidai ta ƙarƙashin kujerar fasinja. Ai na riga na yi wa Inna alkawari ranar Juma'a zan kai ta Bakori wurin ƙanwarta, kuma ita za ta fara shiga. Ni kuwa a bar ni da taurin kai.

To, a mafarkin, ga ni ina tura motar cikin wani gari da hantsi. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tsattsafowa yana tafiya sama. Kan kowa a bushe, wandunansu sharkaf. Ban yi mamaki ba, na naɗe ƙafar wando na ci gaba da turi.

Sai ga ni a ofishin duba motoci. Duk ma'aikatan awaki ne, kowace da teburinta. Babbansu wani bunsuru ne mai tabarau. Na miƙa masa takarduna, ya cinye gefe ɗaya, wai haka suke buga hatimi.

Ya ce, “Wa zai zauna a gaba?”

Na ce, “Mahaifiyata, ranka ya daɗe.”

Ya cire tabarau ya goge. “Allah ya ba ku haƙuri. Allah ya sa ta huta.”

“A'a, ranka ya daɗe, lafiyarta ƙalau. Tana gida tana tankaɗe.”

“Mun sani. Nan garin kafin a tashi mota ake gaisuwa, don kada mutane su wahala da zuwa sau biyu.”

Duk awakin suka ɗaga kofato suka shafa. Ni ma, don wauta, na shafa.

Sai na tsinci kaina ƙarƙashin motar, a tsaye, ita kuma tana rataye a sama babu abin da ya riƙe ta. Ga tiyona nan manne da salansa, yana kumbura yana saɓewa kamar cikin mai barci. Robar da na ɗaure su da ita tana narkewa a hankali. Fetur ya fara ɗiga, ɗis, ɗis, amma sama yake yi, yana ratsa ƙarfe yana shiga inda fasinja ke ajiye ƙafa. Malam Barau yana zaune a gefe kan tsohuwar taya, ba shi da baki sam, wurin a shafe yake sumul. Taƙi kawai yake ta aunawa a iska, ɗaya bayan ɗaya.

Na ce, “Malam, gobe zan gyara.”

Ya nuna mini bayana. Na waiga, sai na ga ashe goben ta riga ta wuce, ga ta can ta ba mu baya tana tafiya da buhu a ka.

Sai ga mu a kan hanyar Bakori. Ina riƙe da sitiyari, Inna na gefena da mayafinta na unguwa, ta rungume ƙullin daddawar da za ta kai wa ƙanwarta. Injin yana aiki amma ba ƙara ko kaɗan. Hagu da dama an shimfiɗa tabarmi, mutanen unguwarmu zaune a jere, kowa na bin mu da ido yana cewa, “Ya haƙuri?” Har da mai shayin bakin layinmu.

Inna ta ce, “Kai, motar nan akwai daɗi. Ƙafata har ta yi ɗumi. Rabona da jin ɗumi haka tun da sanyin ƙashi ya kama ni.”

Na leƙa. Wuta ce ke malala ƙarƙashin kujerarta, shiru, kamar ruwan da aka zubar a tsakar gida. Ta riga ta kama bakin zaninta.

Na taka birki, motar ta ƙara gudu. Na murɗa makulli in kashe, sai ya miƙe a hannuna, ashe robar taya ce. Na kai hannu in buɗe mata ƙofa, kujerarta ta matsa nesa, na ƙara miƙawa ta ƙara matsawa, har sai da na koma hango ta kamar daga wancan bakin titi. Tsoro irin wannan ban taɓa jin sa ba.

Bunsurun nan ashe yana kujerar baya. Ya sa baki a kunnena ya ce, “Kamu ɗaya ne fa ya rage maka.”

Inna ta juyo tana murmushi, hayaƙi na fita ta ƙarƙashin mayafinta. Ta ce, “Sallau, mun kusa?”

Ni ɗan fari ne. Tun da Inna ta haife ni ba ta taɓa kama sunana ba, “kai” take ce mini, ko “wannan”. Jin sunan a bakinta ya fi wutar tayar mini da hankali.

Gam!

Ƙarar ƙofar mota ce ta tashe ni, na san ta, ni na yi mata walda. Gari ya waye tangaran, Juma'a ce. Na fito ba ko takalmi. Inna ta riga ta shiga ta zauna a gaba da ƙullin daddawarta a cinya, ta gyara mayafi.

Ta ce, “Kai, rana na yi. Ko sai ta take za mu tafi?”

Na kwanta a ƙasa na shige ƙarƙashin motar. Daidai saitin ƙafarta, inda tiyon ya jingina da salansa, wurin ya yi baƙi ya yi laushi tun gwajin injin da na yi shekaranjiya. Ɗigo ɗaya na rataye a jiki. Ina kallo ya faɗo mini a goshi.

Daga nan ƙasa na ce, “Inna, sauko. Yau a motar haya za mu je.”