Tutoci Talatin da Ɗaya a Layin Hickory

Shekarata ashirin da uku ina raba wasiƙu a garinmu, can ƙuryar jihar Ohio, amma ban taɓa ganin abin da na gani ran Alhamis ɗin nan ba. Ina karya kwana na shiga layin Hickory sai na taka birki. Gida talatin da biyu ne a layin, kowanne da akwatin wasiƙarsa a bakin titi, kowane akwati da 'yar jar tutarsa a gefe. Talatin da ɗaya daga cikinsu na tsaye cirko-cirko.

Ko yaron goye a garinmu ya san ma'anar tuta a sama: mai gida ya sa wasiƙa a ciki, yana so in ɗauka in tafi da ita. Ranar da aka yi yawa in ga uku ko huɗu. Na ce a raina, yau kuma wace cutar rubutu ce ta sauka a layin nan? Mutanen da ko katin Kirsimeti sai 'ya'yansu sun matsa musu.

Na buɗe akwatin farko, babu wasiƙa. Wata takarda ce ruwan ɗorawa a ninke, ba ambulan, ba kan sarki. Na biyu ma haka. Kafin in kai na biyar raina ya gama ɓaci.

Akwatin na mai gida ne, shi ya saya, shi ya kafa, amma cikinsa na gidan waya ne. Abin da babu kan sarki a jikinsa ba ya shiga. Masu yankan ciyawa, masu wankin taga, matan coci masu sayar da kek, babu wanda ban kama ba. Ƙa'idar a sarari take: in kwashe, in kai wa Oga Curtis, shugaban ofishinmu, shi kuma ya buga wa mai laifin waya ya karanta masa doka, takardun su ƙare a kwandon shara. Ba a banza abokan aiki suka sa min suna Darlene Ba-Sani-Ba-Sabo ba, kuma in faɗi gaskiya sunan yana min daɗi.

Haka na bi layin ina kwashewa ina sauke tuta, ko karantawa ban tsaya yi ba. A lamba ashirin da bakwai na tarar da Inna Opal tsaye jikin akwatinta da butar ban-ruwan fure a hannu. Tsohuwar malamar makaranta ce, rabin garin ta hannunta suka bi, har da ni.

"Darlene, kin ga aikin ɗan birnin nan?"

"Wane ɗan birni, Inna?"

"Na lamba goma sha huɗu mana! Da sassafe na hango shi ta taga yana bi akwati-akwati. Har da ɗaga min tuta, kamar hannuna ne ya mutu."

"Me ya rubuta?"

"Ina na sani? Abin da ya shigo ta bayan fage ba na karantawa. Ki kai shi gaba, yau ɗin nan."

"Zan kai, Inna."

Sai a lokacin na tuna lamba goma sha huɗu ce kaɗai tutarta ke kwance. Mai gidan, Casimir Wojcik, dattijo ne ɗan shekara saba'in da takwas. Daga Chicago ya dawo wata shida da suka wuce, bayan rasuwar matarsa, don ya zauna kusa da 'yarsa da ke aikin jinya a garin gaba. Abin da na sani game da shi bai wuce abin da nake zuba masa a akwati ba: takardun asibiti, da wata mujallar lambu da har yanzu ke zuwa da sunan matar.

Da na tsaya cin abincin rana a inuwar tankin ruwan gari, sai na zaro ɗaya don in ga abin da zan gaya wa Oga. Rubutun hannu ne aka yi kwafinsa.

"Maƙwabta, sunana Casimir, ni ne baƙon lamba goma sha huɗu. Ran Asabar ce ranar haihuwar matata Halina, ta farko da ba ta nan. Shekara arba'in da shida, duk ranar irin ta muna yin firogi mu ciyar da mutanen benenmu kaf. Ban iya yin kaɗan ba. Ƙarfe ɗaya na rana. Kada ku zo da komai sai yunwa."

Na karanta sau biyu, abincin ya fita raina. Na so a ce tallar wankin taga ce.

Da na koma ofis Oga Curtis ya ɗago kai daga kan teburinsa. "Ba-Sani-Ba-Sabo, yau ba ki kamo mana kowa ba?"

Takardun na cikin jakata, na ɗaure su da roba. Na ce, "Yau gari lafiya, Oga."

"To, ashe duniya ta kusa tashi."

Na gaya wa kaina ba fasawa na yi ba. Gobe zan fara zuwa in gargaɗi tsohon baki da baki, kada wayar Oga ta same shi ba shiri, sannan in miƙa takardun. Har na tsara jawabin a kaina, da sakin layi-sakin layi.

Ran Juma'a na ƙwanƙwasa masa ƙofa da mujallarsa a hannu. Ya buɗe, fulawa har gwiwar hannu, ya ɗaura wata rigar girki mai furanni wadda da gani ba tasa ba ce. Ƙamshin soyayyar albasa ya biyo shi.

"Mai wasiƙa! Shigo, 'yata, shigo ki gani."

Tebur, kujeru, saman firji, ko'ina faranti ne shaƙe da firogi, 'yan ƙullin fulawa da aka cusa wa dankali da cuku, a jere suna jiran tukunya.

"Ɗari biyu ke nan, saura ɗari," in ji shi. "Coci sun ara min kujeru. Ke, mutanen layin nan mutanen kirki ne! Jiya na raba takardu na tafi kasuwa sayen dankali. Ina dawowa na tarar duk tutocin sun sauka. Duka talatin da ɗaya! Babu wanda ya bar takardata ta wuni a waje."

"Baba, tutar nan..."

"Ai dabarar ta burge ni. Mu a Chicago akwatunan a bangon matakala suke, kowa da makullinsa, ba tuta ba komai. Nan kuwa ka sa wa mutum abu, ka ɗaga masa tuta ya sani. Wanda ya ƙirƙiro wannan yana da kai." Ya goge hannu a jikin furannin rigar. "'Yata ta ce, Baba, mutanen ƙauye ba sa zuwa gidan baƙo, kada ka wahalar da kanka. Na ce mata ki zo ki ga tutoci."

Na fasa jawabina. Kunya ce ta kama ni, irin wadda ban ji ba tun ina aji uku a hannun Inna Opal. Na miƙa masa mujallar na ce, "Allah ya kai mu goben, Baba."

A mota na zauna ina kallon jakar. In na kai wa Oga, gobe tsohon nan zai jera kujeru talatin ya zauna shi da 'yarsa, kuma har ya mutu zai ɗauka kowa ya karanta ya ƙi zuwa. In mayar da su akwatunan kuwa, wallahi hannuna ba zai iya ba, shekara ashirin da uku ba wasa ba ce. Ina cikin haka idona ya sauka kan ƙofar gidan da ke gabana. Akwati na gidan waya ne, amma ƙofa ba ta kowa ba ce sai mai gida.

Ƙarfe huɗu da rabi na tashi aiki, na cire rigar ofis, na sa wata tsohuwar rigar mijina, na bi layin Hickory da ƙafa. Ba maƙalawa nake yi in wuce ba. In ƙwanƙwasa, in miƙa, in tsaya har mutum ya karanta a gabana. Mai lamba shida ya ce shi likita ya hana shi cuku, na ce ya zo ya ci albasar. Mai lamba goma sha ɗaya ta ce ta ɗauka tsohon ba ya son mutane, tunda ba ya fitowa. Na ce ita sau nawa ta shiga? Karen lamba ashirin, wanda kullum yake min haushi a rigar aiki, bai gane ni ba, har kaɗa min jela ya yi.

Inna Opal na bari ƙarshe, don tsoronta nake ji.

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ke ce yau kike raba takarda ba kan sarki?"

"A ƙofa nake, Inna, ba a akwati ba. Kuma kin ga ba rigar aiki."

"Kin kai ƙarar?"

"Ki karanta tukuna."

"Na gaya miki ba na karanta..."

Sai na buɗe na karanta mata da ƙarfi, yadda ta koya mana, ina tsayawa a kowace aya. Da na kai wajen "ban iya yin kaɗan ba" ta kau da kai tana kallon furanninta. Nata mijin, Vernon, shekara tara ke nan da rasuwa.

"Lambar wayar Curtis na nan a jikin firjina," ta ce, ta karɓi takardar ta rufe ƙofa.

Ran Asabar muna aiki. Ƙarfe ɗaya da kwata na karyo kwanar Hickory. Ban ga lamba goma sha huɗu ba sai da na zo daf, saboda mutane. Kujerun coci sun cika, wasu sun ɗauko nasu daga gida, yara na zaune a ciyawa da faranti a cinya. Mai lamba shida yana loda cuku kamar ba shi da likita. A bakin tukunya kuwa Inna Opal ce riƙe da ludayi tana tsawa a bi layi.

Ta hango motata. Ta jawo hannun tsohon, ta yi masa magana a kunne, ta nuna ni da ludayin. Ya juyo ya dube ni, bai yi murmushi ba. Na zuba wasiƙu na taka mota.

Lahadi ban ji daɗinta ba. Na san Inna, ba ta iya rabin magana ba. Yanzu ya san ba maƙwabta ne suka sauke tutocin nan ba, ya san na tsaya a kicin ɗinsa na bar shi yana yabon abin da bai faru ba.

Ran Litinin tuta ɗaya ce a tsaye a duk layin, ta lamba goma sha huɗu. Na tsaya, na buɗe a hankali. Kwano ne a rufe, an naɗe shi da tawul mai sunan Halina a gefe, da sauran ɗuminsa. A sama an ɗora 'yar takarda ruwan ɗorawa.

"Opal ta koya min. Tuta a sama, abin ciki na mai wasiƙa ne. Wannan karon na yi daidai?"

Na juya kwanon, na duba gindinsa, na duba murfin. Babu kan sarki ko ɗaya. Na kwashe shi kamar yadda ƙa'ida ta ce, na sauke tutar. A inuwar tankin ruwa na cinye firogin tas, ina ci ina share ido da tawul ɗin Halina. Oga Curtis har yau bai ga ko murfin ba.