Motar Asibiti a Aljihun Dogo

"Ranki ya daɗe, ni ne direban," ya sake faɗa a waya, yana zagaye motar asibitin da takalmi ƙafa ɗaya. "Ga motar a ƙofar gidana. Matata ce take naƙuda. Umarni kawai nake so ki ba ni."

"Malam, ka kwantar da hankalinka," in ji budurwar da ke cibiyar kira. "Motar da kake magana a kai yanzu haka tana tsallaka gada a guje."

Direban ya dafa motar. Tana nan inda ya ajiye ta da ya zo cin abincin rana, har akuya ta kwanta a inuwarta.

A da, kowace unguwa da ɗakin kiranta. Sai manya suka gano cewa wannan ɓarna ce, suka rufe ɗakunan, suka tara kowa a cibiya ɗaya mai sanyi a babban birni. Aka ba kowane direba wata na'ura da ke nuna motarsa a taswira, da doka guda: wanda ya motsa ba umarni, ya ajiye makulli. Abin da manya ba su duba ba shi ne wajen cajin motarsa, wanda ya mutu tun kafin a haifi dokar. Don haka kullum da rana amininsa Dogo mai babur yakan karɓi na'urar, ya jona ta a babur, ya jefa a aljihu, ya ci gaba da haya. Har takardar yabo cibiya ta aiko wa direban, wai motarsa ba ta hutawa.

Surukarsa ta fito da zannuwa a ka. Ya yi sauri ya durƙusa, wayar na kunne.

"Tashi, ba gaisuwa ta fito da ni ba. Faya ta fashe. Ita wannan motar ta ado ce?"

"Inna, izini muke jira."

"To shiga ka gaya wa jaririn ya jira izini."

Daga ɗaki matar ta ƙwalla masa kira da wani suna da ba ta taɓa kiransa da shi a gaban mahaifiyarta ba. Dariya ta kuɓuce masa, ta tsoro da murna a haɗe. Haihuwar fari ce, an daɗe ana jira, kuma likita ya ja kunne cewa kada a kuskura a yi ta a gida.

"Zan turo maka wata motar daga garin gaba," in ji budurwar.

"Kafin ta iso ai yaron ya fara rarrafe!" in ji direban. "'Yata, in waccan ta kan gada ta juyo, za ki ba ta umarni?"

"In ta fi kusa, dole."

Ya kira Dogo. "Kana ina? Juyo gidana yanzu!"

"Ina ɗauke da fasinja, Oga."

"Taho da shi!"

Suka kwantar da matar a bayan mota. Inna ta hau ta tattare hannun riga, tana duba kayan aikin ciki da raini. Can sai ga Dogo ya shawo kwana, bayansa wani dattijo rungume da kiret ɗin ƙwai, yana salati.

"Madalla," in ji budurwar, muryarta cike da alfahari. "Motarmu ta iso ƙofarku. Kun gan ta?"

"Mun gan ta, Allah ya yi miki albarka!"

Aljihun Dogo ya yi ƙara. Umarni ya sauka.

Ba wanda ya tuna cewa ana iya ciro na'urar a miƙa ta taga. Dogo ya shiga gaba, don cibiya ta ga tafiya, direba ya biyo shi da jiniya, yana dukan sitiyari yana kiran sunayen Allah, mai ƙwai yana ihun shi fa kasuwa za shi. A shataletale Dogo ya zagaya sau biyu saboda daɗi, motar ma ta bi shi.

"Kai!" Inna ta buga gilashin tsakiya. "Yawon biki ka fito da mu?"

Suna shiga ƙofar asibiti ma'aikatan jinya suka rufu a kan gadon. Ba a jima ba kuka ya tashi, siriri mai faɗa. Mace ce, uwa lafiya. Direban ya rungume Dogo, ya rungume mai gadi, ya rungume mai ƙwai da ƙwansa. Saura kaɗan ya rungume Inna, Allah ya tsare.

Yana tsaye da jaririyar a hannu, wayarsa ta yi ƙara. Shugaban cibiya ne da kansa. Ya ce sun daɗe suna kallon motarsa a taswira, tana ratsa lungunan da ba a taɓa zaton mota za ta shiga ba. Saboda haka daga wata mai zuwa za a janye sauran motocin yankin, tasa kaɗai ta isa.

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji direban.

Ya kashe wayar, ya daɗe yana kallon babur ɗin ta taga.

"Dogo," ya ce, "wannan kujerar taka, mutum zai iya kwanciya a kai?"