An Kai Abdou Ganin Teku

Karo na uku ke nan Abdou yana kwance igiyar yana sake ɗaurewa a turke ɗaya. Saniyar ko kai ba ta ɗaga ba. Dusar da ya jiƙa mata tun asuba tana nan a kwano, ƙudaje sun rufe ta.

"Malam Abdou, kokonka ya huce," in ji Zinariya, matar mai zangon, daga bakin murhu. "Ko shi ma ita za ka ba?"

Abdou ya ƙara jan ƙullin igiyar.

Zangon Balarabe fili ne a bayan layin dogo a Agege, an kewaye shi da tsofaffin kwanon rufi. Rumfunan tamfol takwas ne a ƙarƙashin itatuwan goro, da rijiya ɗaya, da turaku daga gabas. Tun zamanin ubansa fataken shanu ke sauka nan. Balarabe ke sayar wa baƙo dabbobinsa, Zinariya ke ciyar da shi, Ya'u ƙanen Balarabe kuwa, wanda furfura ta fara tsiro masa bai taɓa riƙe wata sana'a ba, shi ke yawo da baƙi su ga gari. Baƙo yakan kwana uku, in ya daɗe biyar. Abdou yau kwanansa goma sha tara.

Daga ƙasar Adar ta Nijar ya taso da abin da fari ya rage masa, shanu goma sha ɗaya. Ya koro su a ƙasa har Kano, ya sa su a jirgin ƙasa. An sayar da goma cikin kwana biyu. Ta sha ɗayan ita ce Kwalli, ja mai baƙi zagaye da idanu, jikar saniyar da ubansa ya fara ba shi. Sau uku mahauta suna zuwa, sau uku yana tsayawa a kan cinikin har ya lalace. Yanzu ƙudan tsando ya cije ta, sammore ya kama ta. Kowa a zangon ya san saura kwana biyu ko uku: ko wuƙa ta riga, ko a wayi gari da mushe.

Balarabe ya fito yana gyara hula, ya tsaya a kansa.

"Ba'adare, kwana goma sha tara a Ikko ba ka ga teku ba. In ka koma me za ka ce wa mutanen garinku? Ka ga turke?"

"Ban zo kallo ba, maigida."

"Na sani. Ba ni igiyar in riƙe maka. Ya'u zai kai ka."

A zangon nan ba wanda bai san ma'anar wannan magana ba. Baƙon da ya miƙa wa maigida igiya da hannunsa ya sallama dabbar, ba sai ya buɗe baki ba. Abdou ma ya sani, ya ga an yi wa wasu. Zinariya ta juya baya tana izar wutar da ba ta bukatar iza. Abdou ya daɗe yana murza igiyar a tafin hannu, sannan ya miƙa, kamar dai ajiya ce kawai.

"A ba ta ruwa da hantsi," ya ce. "Wanda rana ta taɓa. Ba ta son mai sanyi."

"Za a ba ta."

"Oya, oya, mu tafi!" Ya'u ya riga ya kai ƙofa. "Rana ba ta jiran baƙo."

Suka fara da Ikeja. Ya'u ya kai shi jikin wayar filin jirgin sama, inda mutane ke tsaitsaye da lemu a hannu suna kallon jirage. Wani ya taso da ƙara har ƙasa na rawa. Ya'u ya toshe kunnuwa yana dariya.

"Ka gani? Wannan kafin ka gama alwala ya kai Kano. Kai kwana nawa ka yi a wagunu da kashin shanu?"

"Huɗu." Abdou ya dubi hannun Ya'u. "Mi manturka ta ce?"

"Agogo ake cewa a nan, mutumin Faransa. Goma saura."

Daga nan suka shiga molue, doguwar motar haya, aka cusa su kamar goro a huhu. Abdou a tsaye, hannunsa ɗaya a ƙarfe, ɗayan yana ta laluben abin riƙewa bai samu ba. A Oshodi mota ta tsaya cik. Sababbin motoci ne gaba da baya, wasu ko ledar kujeru ba a cire ba, duk suna hon, ba mai motsi.

"Gosulo ke nan," in ji Ya'u da alfahari, kamar shi ya ƙirƙiro shi. "Kuɗin mai ne. Kowa ya sayi mota, ba wanda ya sayi hanya."

Ya nuna masa gada, ya nuna masa benaye, ya nuna masa kantin da Turawa ke sayen nama a cikin ƙanƙara. Abdou yana gyaɗa kai. Sau biyu ya sake tambayar lokaci. A na ukun Ya'u ya cire agogon ya jefa aljihu.

Rana ta take tsaka suka isa bakin teku. Tun kafin su gan shi Abdou ya ji rurinsa, ya zaci jirgin ƙasa ne. Da suka hau tudun yashi sai ya ja ya tsaya. Ruwa ne har inda ido ya ƙare, yana tasowa yana faɗuwa da kumfa, can nesa jiragen ruwa sun yi jerin gwano suna jiran a sauke musu kaya. Wasu masu fararen riguna sun durƙusa a yashi suna kaɗa ƙararrawa suna addu'a da Yarabanci. Wani na jan doki yana neman mai hawa.

Abdou ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya matsa. Ruwan ya zo ya shafi ƙafarsa, ya janye yashin da ke ƙarƙashinta. Ya kamfata ya kai baki, ya tofar.

"Wanga ruwa duka," ya ce, "ko akuya ba ta sha."

"Duk Ba'adaren da na kawo sai ya ɗanɗana," in ji Ya'u. "Ɗaya har gora ya cika zai kai wa kakarsa. Ka zo ga inuwa, in saya maka kwakwa."

Bai zo ba. Ya yi gabas a bakin ruwan, ya juyo, ya sake yin gabas. Dokin hayar ya wuce ta gabansa, haƙarƙarinsa a waje, ya bi shi da ido. Da azahar ta yi suka yi salla a kan yashi. Ya'u bai gama shafa addu'a ba Abdou ya miƙe.

"Yaushe za su zo?"

"Su wa?"

"Kar ka maishe ni yaro, Ya'u. Mahauta."

Ya'u ya kaɗe yashin goshinsa. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Bayan la'asar. Audu Sarkin Fawa da kansa, ba yaransa ba. Yaya ya roƙe shi."

"Ni ban ce a saishe ta ba."

"Ba ka ce ba."

"Riƙo ni ba shi. Riƙo!"

"To, riƙo ne." Ya'u ya zaro agogon ya duba. "In mun tashi yanzu, in gosulo ya yi mana adalci, za mu riga su. Ka karɓi igiyarka, ba mai hana ka. Yaya bai taɓa yanka dabbar baƙo baƙon yana tsaye yana cewa a'a ba. Sai dai jibi ni da kai za mu ja ta zuwa bola, ungulaye su yi walima. Abi, ko ƙarya na yi?"

Abdou bai tsaya jin ƙarshen ba. Ya ɗauki takalmansa a hannu ya nufi titi, yashi na ƙona masa tafin ƙafa. Ya'u na binsa yana haki.

"Oga, a hankali! Ni ba makiyayi ba ne!"

A bakin titi mutane sun taru suna jiran mota. Abdou ya kutsa gaba. Ya tsaya da ƙafar dama, ya koma ta hagu. Yana ganin turken a ransa, da kwanon dusa, da yadda jiya ta yi yunƙurin tashi da ta ji muryarsa, gwiwoyinta suka ƙi. Shekara tara tana jan garkensa zuwa rijiya. In ya isa zai karɓi igiyar. Daga nan fa? Jirgin shanu ba ya komawa arewa da shanu. In ma ya koma, a Adar ko karan dawa babu.

Wata danfo, ƙaramar motar haya, ta taho, yaron mota na rataye a ƙofa yana ihu: "Oshodi-Agege! Agege straight! Mutum biyu!"

"Kai, sa'arka!" in ji Ya'u. "Wannan ba ta tsayawa ko'ina. Shiga!"

Ya'u ya sa ƙafa ɗaya a ciki, ya riƙe ƙofar. Abdou ya dafa jikin motar. Ƙarfen da zafi. Ga kujera nan a gabansa ba kowa.

"Aboki, wọlé!" yaron motar ya daka masa tsawa yana dukan rufin. "Ka shiga ko ka matsa!"

Abdou ya ɗauke hannunsa. Ya ja da baya taki ɗaya. Wata mata mai kwandon kifi ta ture shi ta haye, wani ya bi ta. Ya'u ya sauke ƙafarsa. Motar ta tashi, ta bar su cikin hayaƙi.

Abdou ya sunkuya ya sa takalmansa, ɗaya bayan ɗaya, ya daɗe yana gyara maɗaurin.

"Ya'u."

"Na'am, Malam Abdou."

"Mi ya rage ban gani ba a garin nan?"

Ya'u ya dube shi, ya mai da agogon aljihu.

"Akwai filin sukuwa. Akwai tashar jiragen ruwa a Apapa."

"Wanne ya fi nisa?"

"Apapa."

"Mu tahi can."