A Lissafin Wa Aka Sa Mijina

Mijina mai walda ne. Mutumin da ke ɗaga ƙofar ƙarfe shi kaɗai, sai ga shi ko takalmi ba ya iya sawa sai ya tsaya ya huta. Aka ce wata 'yar ƙofa ce a cikin zuciyarsa ta daina rufuwa, ga ƙoda ma ta fara gajiya. In ba a yi masa aiki ba, tafiya zai yi.

Likitar da ta fara ganinsa wata dattijuwa ce, ofishinta kamar akurki, fanka na ta kuka a samanta. Ba ta ɓoye mana komai ba. "Aikin akwai haɗari, amma zan yi," in ji ta. "Kada ku ja lokaci." Har rana ta ba mu.

Sai ƙanena ya zo da wayarsa, shi da komai sai ya bincika. Wai akwai rajistar da ake shigar da duk aikin zuciyar da aka yi: wane likita, wa ya tashi, wa bai tashi ba.

"Yaya, dubi nan. Matar nan, a kowane mutum ɗari, takwas ba sa tashi a hannunta. Wannan kuwa, ɗaya tak."

Wannan ɗin wani likita ne da ma'aikatan asibitinsu ke kira Sha-yabo. To wace mace ce za ta ga ɗaya ta ɗauki takwas? Maigida ya ce, "Ni dai hankalina ya kwanta da matar nan." Na ce, "Kwanciyar hankali ce za ta yi maka aikin?" Na tasa shi gaba muka tafi.

Sha-yabo akwai fara'a, wallahi. Kujerun jiransa masu laushi, ga takardun yabo cikin gilashi a bango. Ya duba hotuna, ya duba sakamakon ƙoda, sannan ya ce, "Malama, bari mu ƙara gina jikinsa tukuna." Muka dawo, a sake gwajin jini. Muka dawo, ya tafi taro. Muka dawo, ƙafafu sun kumbura, a jira su saɓe. Mutum yana narkewa a gabana kamar sabulu a ruwa, ana ce mini gina shi ake yi!

Ranar da na sauke musu kwandon masifa a baranda, wata nas ta ja ni wajen famfon wanke hannu.

"Baiwar Allah, daina ɓata bakinki. Ba zai taɓa shi ba. Mai ƙoda irin wannan ba ya hawa teburinsa. Wanda ba a yi wa aiki ba ai ba ya shiga rajista."

"To ina irinsu suke zuwa?"

Ta faɗi sunan dattijuwar. Ashe takwas ɗin nan nata, wasunsu daga wannan barandar aka kora mata su. Ban taɓa tsanar murmushin wani mahaluki kamar na mutumin nan ba.

Muka koma wajen dattijuwar, kunya kamar in nutse. Ko ina muka shige ba ta tambaya ba. Ta daɗe tana sauraren ƙirjinsa, sannan ta cire tabarau.

"Da can ina da ƙwarin gwiwa. Yanzu kaɗan ya rage. Kuna so in gwada?"

Maigida ya ce, "Gwada, likita. Dama ke na zaɓa." Bai kalle ni ba, kuma gara da bai kalla ba.

Ta yi aikin. Bai farfaɗo ba. Ita da kanta ta fito ta gaya mini, hular tiyata na kanta.

Da na koma karɓar takardar rasuwarsa, na tarar da wata yarinya a layin dattijuwar, mahaifinta na haki a keken marasa lafiya. Tana nuna wa uwarta waya.

"Mama, mu tashi. Matar nan kashe mutane take yi. An sabunta rajistar, yanzu ma tara ne."

Na ce, "'Yata, na taran nan mijina ne. Don Allah ku zauna."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta juya keken, ta tura shi waje.