Igiyar Shanya a Layi na Shida

Magini mutum ne da bai yarda da karkataccen abu ba. Shekara ashirin da bakwai yana ɗora bulo kan bulo, kuma in ya ja igiya ya ga bango ya kauce ko da faɗin farce ne, rushe shi yake yi, mai gida ya yi ta kumfar baki. Aji uku ya yi a firamare ya bari. Abin da ya riƙe a duniya guda ne: miƙaƙƙe gaskiya, karkatacce ha'inci.

'Yarsa ta biyu, wadda kowa ke kira Tsinke saboda rashin jiki, ita ta ja shi cikin rigimar. Tana aji huɗu a sakandare, karo na biyu ke nan a ajin. Dokar makarantar kuwa ba a zama aji ɗaya sau uku. In ta sake faɗuwa, sai gida.

Ranar Litinin ta same shi a tsakar gida yana kankare busasshen siminti daga cokalin gininsa.

"Baba, saura maki goma sha biyu in haye."

"To je ki karanto su."

"An gama jarrabawar rubutu. Gudu ya rage."

"Gudun me? Wa ya biyo ki?"

"Darasin motsa jiki, Baba. Bana an sa shi a manhaja, yana da maki kamar kowane darasi. Ranar Alhamis za mu yi zagaye ɗaya a fili. Ta ɗaya da ta biyu maki ashirin, ta uku goma."

Ya ajiye cokalin ya dube ta. A zamaninsa in ka ga ɗalibi yana gudu a makaranta, to malami ne a bayansa da bulala. Yanzu wai gudun ne karatun. Ya juya wajen matarsa da ke shanya kaya ko za ta fassara masa.

"Kada ka kalle ni," in ji ta. "Ni dai na san tun tana rarrafe ba a kama ta."

Washegari makarantar ta aiko kiransa, don shi ya gyara musu katanga bara. Malamin wasanni, wani siririn saurayi da yara suka laƙaba wa Malam Usur saboda usur ɗin da ba ya barin wuyansa, ya kai shi fili ya miƙa masa takarda mai zane. Layuka shida ake so, zagayayyu, da farar ƙasa. Wannan duk Magini ya gane. Abin da ya tsaya masa shi ne wasu gajerun zane-zane da aka jera a karkace, kowanne gaba da ɗan uwansa, kamar matakalar da mahaukaci ya gina.

"Malam, waɗannan fa?"

"Wurin tashi ne, Baba. Kowace yarinya da nata. Ta waje tana gaba."

"Don me?"

"Saboda lanƙwasa. Lissafi ne, ka ga in ka ɗauki faɗin layi ka ninka..." Wayarsa ta yi ƙara. Ya kara a kunne, fuskarsa ta canza. "Matata ce, an wuce da ita asibiti, haihuwa. Baba, bi takardar kawai!"

Da gudu ya fita. Magini ya bi shi da kallo, ya ce a ransa aƙalla dai malamin ya iya darasinsa.

Ya kafa turaku, ya zagaye su da igiya, yana bin igiyar da gwangwani mai huji yana zuba farar ƙasa. A layin ciki igiyar ta isa har da rara. A na biyu ta isa da kyar. A na uku ta gaza. Ya tsine wa mai sayar da igiya, ya ɗaura wani guntu daga buhunsa. A na huɗu ya ƙara wani. A na biyar ya ari ta mai gadi, wadda yake ɗaure akuyarsa da ita. Da ya zo na ƙarshe babu sauran abin ɗaurawa, sai ya koma gida ya sauke wa matarsa wanki a kan kujera, ya kwance igiyar shanya.

"Ina za ka kai min igiya?"

"Makaranta."

"Ita ma an sa ta a manhajar?"

Rana ce ta sa igiyarsa ta tsuke, haka ya yanke, ya wuce wurin.

Ranar Laraba da hantsi ya zana wuraren tashi yadda takarda ta ce. Ya ja baya ya duba, ransa ya ɓaci. Mai gadi, wani tsoho mai bakin tsiya, ya taho yana jan takalmi, ya tsaya kusa da shi.

"Sannu da aiki, uban 'yar tsere. Ka ga takardar da aka manna a allo? An yi ƙuri'a. Tsinkenka layi na shida."

Magini ya ɗaga kai ya nemi layi na shida. Zanen yana can gaba, ya sha kwana, ya bar na ɗaya da abin da ya fi taku arba'in.

"Ka iya aiki," in ji mai gadi yana dariya. "Ai haka ake so, kowa ya gyara ta gidansa. Da ni ne ma sai in ajiye ta daf da wurin ƙarewa, ta yi atishawa ta ci."

"Takarda ce ta ce haka."

"To wa zai ga takarda? Mutane za su ga wanda ya zana, su ga 'yar wa ke gaba."

Maganar ta shige shi kamar ƙusa. Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa. Ya kira lambar Malam Usur sau uku, a kashe. Yaro ne, ya ce a ransa, kuma kansa na wajen mai naƙuda, wa ya san abin da ya zana? Tun da aka halicci gudu, kafaɗa da kafaɗa ake tashi. Shi ba za a ce ya ci amanar 'ya'yan mutane saboda tasa ba. Ya ɗauki shebur ya kankare zane shidan nan tas, ya ja igiya, ya zuba layi ɗaya miƙaƙƙe sambal daga ciki har waje. Sai a lokacin numfashinsa ya daidaita.

Ranar Alhamis Malam Usur bai zo ba. Malamar tarihi aka ba usur da takardar maki. Ta ga layi miƙaƙƙe, ta jera 'yan mata shida a kansa, ta ce kowacce ta tsaya a layinta har ƙarshe. Tsinke ta ɗaga hannu za ta yi magana, malamar ta ce rana na yi, ta busa.

Magini yana tsaye jikin katangar da ya gyara. Ya ga 'yarsa ta zabura kamar an sake ta daga baka, ƙafafunta sun fi na kowa sauri, wannan ko makaho ya ji. Amma da aka shiga kwana sai ya ga na ciki suna wuce ta, alhali ba su kai ta ƙoƙari ba. A miƙe ta kamo su. A kwana ta biyu suka sake barin ta. Ya murza ido. Ta layi na ɗaya ta shigo, ta layi na biyu ta biyo, sannan Tsinke, ta zube kan gwiwa tana haki.

Ta uku. Maki goma. Saura biyu.

A gida ba ta yi kuka ba, abin da ya fi damunsa ke nan. Ta zauna bakin ƙofa tana cire takalmi.

"Baba, kai ka zana layin tashi?"

"Ni ne. Miƙaƙƙe, babu son kai."

Ta dube shi. "Na yi ta gudu," ta ce a hankali, "layin ya ƙi ƙarewa."

Ta shige ɗaki. Uwarta ta fito da bokitin wanki ta dire a gabansa.

"Tunda an gama kashe min 'ya da gudu, a dawo min da igiyata."

Da la'asar ya koma fili don kwance kayansa. Igiyar tana nan zagaye da layin waje. Ya fara naɗewa a gwiwar hannu: tasa ta asali, ƙulli, guntu na farko, ƙulli, guntu na biyu, ƙulli, ta akuyar mai gadi, ƙulli. Da hannunsa ya kai kan igiyar shanya, mai maƙale da abin matse kaya guda ɗaya, sai ya tsaya cak.

Wata rijiya ta faɗo masa a rai, wadda ya ɗaure wa baki shekarun baya, bango biyu. Zoben ciki ya ci bulo talatin, na waje ya ci kusan arba'in. Bai taɓa tambayar dalili ba, hannunsa dai ya sani.

Ya yar da igiyar. Ya tsaya a layi na ɗaya ya zagaya yana ƙirga taku. Ya koma na shida ya zagaya. Ƙari arba'in da uku. Bai yarda ba, ya sake. Arba'in da biyu. Ya tsaya tsakiyar fili ya riƙe ƙugu. Wuri ɗaya aka tashi, wuri ɗaya aka ƙare, to ta ina tafiyar ta ƙaru? Ya duba layin da ya zana, yana nan miƙe, babu aibu ko na faɗin farce. Ya duba ƙullin igiya. Ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi, kuma shi bai taɓa kama igiya da ƙarya ba.

"Kai ma jarrabawar za ka yi?" mai gadi ya ƙwala daga bakin ƙofa.

Ya zagaya karo na uku. Arba'in da uku.

Da safe ya isa makaranta kafin a buga ƙararrawa, da igiya a kafaɗa. Shugabar makaranta tana ofis, Malam Usur na gabanta da jajayen idanu, ana yi masa barka da ɗa namiji. Magini bai jira an ba shi kujera ba. Ya shimfiɗa ƙullalliyar igiyar a baranda, tun daga ƙofar ofis har ta wuce aji biyu.

"Ranki ya daɗe, daga wannan ƙullin zuwa can, ƙarin da 'yata ta gudu ne. Ni na ɗora mata. Malam ya ba ni takarda, na ga kamar son kai ne, na goge na zana nawa."

Malam Usur ya dafe kai da hannu biyu. "Baba! A layi ɗaya suka tashi?"

"Miƙaƙƙe."

"Kuma a haka ta zo ta uku?"

Shugaba ta dubi igiyar, ta dubi abin matse kaya da ke lilo a ƙarshenta. "Tsaya in gane. Ka cuci 'yarka don kada a ce ka fifita ta?"

"Haka ya zama."

"Ka san in na ce a sake, iyayen waɗanda suka ci za su ce magini ya ga 'yarsa ta faɗi ya zo ya murɗa?"

Maganar da Magini ya guje wa ke nan, ga ta ta zagayo ta tare shi ta gaba.

"Su faɗa. Duk mai musu ya zo in ba shi igiya ya auna."

Aka ce a sake bayan tashi daga aji na ƙarshe, da sabuwar ƙuri'a don a toshe bakin mutane. Magini ya zana matakalar mahaukacin da hannunsa, Malam Usur na binsa da tef ɗin awo. Sannan 'yan mata suka sa hannu a hular malam. Tsinke ta buɗe takardarta.

Layi na ɗaya.

Aka jera su. Magini ya leƙo daga jikin katanga ya ga 'yarsa a can baya ita kaɗai, kowa na gabanta, ta shida har ta sha kwana. Ƙafarsa ta ɗaga da kanta za ta shiga fili.

"Malam! Anya kuwa..."

"Baba, kai ka auna."

"Na auna. Amma dube ta fa!"

Mai gadi ya matso. "Wannan karon kuma me ta yi maka ka kai ta baya?"

Aka busa usur. Magini ya damƙe igiyar shanya a hannu, ya rasa inda zai sa ido. A kwana ta farko tana baya. A miƙe ta kamo ɗaya. A kwana ta biyu sai ya ga abin jiya ya juye: tana cin su ɗaya bayan ɗaya kamar su ne suka tsaya. Da aka fito miƙen ƙarshe su uku ne kafaɗa da kafaɗa, a nan ne kawai abin ya yi masa kama da tsere. Wata doguwa ta riga ta da taku guda. Tsinke ta biyo.

Malam Usur ya rubuta ashirin, ya ɗaga takardar ya nuna masa daga nesa.

A hanyar gida tana gaba da takalmi a hannu, yana biye yana ta juya abin.

"Ke, da kika tsaya a baya, ba ki ji an cuce ki ba?"

"A'a, Baba. Ai daidai ne."

"Na san daidai ne," ya ce da faɗa. "Idona ne bai sani ba."

Suna shiga gida ya ɗaura igiyar shanya a ƙusarta, ya ja ta ta miƙe sosai. Matarsa ta shafa ta, ta duba tafin hannunta.

"Duk ka shafa mata farar ƙasa."

"Karatu ta yi," in ji shi, ya nemi wuri ya zauna.